Takardar Radiya Ta Je Hannun Yaya Jummai

Ranar Litinin 'yata Radiya ta dawo daga makaranta da takarda. Za a yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ranar Alhamis, amma sai wani babba a gida ya sa hannu. Ni ina so a yi mata. Mijina Malam Dogara, mai ɗinkin hula a Ƙofar Kuyambana, ba ya so, don wani a shagon aski ya rantse masa cewa tana hana haihuwa. Shi kuwa bai iya cewa a'a kai tsaye ba, sai ya zagaya.

"Hajo," ya ce da ni, "yarinyar nan 'yar fari ce. Ko sunanta ba na faɗa, ta yaya zan sa baki a maganarta? A kai wa Yaya Jummai."

Ji wayo. Kunyar 'yar fari ba ta taɓa hana shi cinye mata ƙosai ba. Ya dai san yayarsa sarai, ko zazzaɓi ne sai dai ta jiƙa saiwa. Ya tabbata za ta hura wuta da takardar. Kwana uku ina cike da haushinsa.

Alhamis da hantsi sai ga Yaya Jummai, ta dangwala yatsa a takarda, ta tasa Radiya da jikokinta biyu a gaba. Malam ya fito da zare a baki.

"Yaya, ina zuwa?"

"Allura."

"Amma ai Radiya..."

"Sunan wa na ji ka kira? A gabana? Dogara, yaushe ka fitsare?"

Ya haɗiye sauran maganar. Na shige ɗaki na danne dariya da filo, ina jin ya bi ta har zaure yana magana ƙasa-ƙasa: "Ke da ko farasitamol ba kya sha."

Ta tsaya. "Shekara talatin ni ake kira wankan gawar mata a unguwar nan. Bara ni na wanke Nana ƙanwarmu, kana waje kana karɓar gaisuwa. An ce maka ciwon ciki ne don ana jin nauyinka. Wannan ciwon ne, kuma na ga yadda ya bar ta. Ba zan sake wanke wata a gidan nan saboda shi ba."

Dariyata ta ɗauke. Malam ya fita bakin titi babu ko takalmi, ya tare musu Keke Napep.