Fuskar Asake a Madafi

Baba Ajadi na Osogbo tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce. Ya shimfiɗa fallen alminiyam, ya ɗauki ƙusa da 'yar guduma, ya yi ta ƙwanƙwasa har mutane da kifaye su taso a jikin ƙarfen. Duk abin da ya ƙera ya tafi gidajen mutane, bai taɓa ajiye ko hoton guda ba. Ɗaya kawai ya rage, fuskar matarsa Asake, wadda ya buga tun tana amarya. Ita kuwa da ta gani sai ta ce ya yi mata hanci kamar na akuya, ta kai ta rataye a madafi, saman murhu, nan ya tsufa.

To, Asake ta rasu da damina. Baba Ajadi bai yi kuka ba, bai kuma ƙi abinci ba. In an ajiye masa amala ya ci, in ba a ajiye ba ya zauna. Haka dai.

'Yarsu ɗaya, Ronke, tana aikin jinya can ƙasar Turawa, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ga shi marigayiyar ba ta yarda da hoto, ko a biki aka ɗaga kyamara sai ta juya ƙeya. Sai Ronke ta bugo wa ƙanwar ubanta, Iya Sikiru, ta ce abu ɗaya take roƙo, a ɗauko mata fuskar nan ta madafi a waya, a turo mata.

Iya Sikiru ta zo da hantsi, da wayarta a ƙulle a bakin zane. Ta shiga madafin, ta ɗaga, ta danna.

"Yaya, zo ka gani. Wallahi kamar za ta ce wa ya taɓa mata tukunya."

Ya karɓa ya duba. Ga Asake nan sarai. Hayaƙin girkinta ya shige duk inda ƙusa ta bi, ya zana idon, ya zana leɓen, har da hancin da ake rigima a kai. Ya daɗe yana kallo, bai ji komai ba, sai dai idonsa na mai sana'a ya ga datti.

"Share shi."

"In share me?"

"Aikina ba ya fita gida da kunkunniya. Turawa za su gani."

"Waɗanne Turawa? Ronke ce fa, wadda ka wanke wa kashi."

"Na ce ki share."

Ta ja tsaki, ta share hoton, yana tsaye a kanta sai da ya ga ya tafi. Gaba yake da ita, ko da duk sun yi furfura.

Ya sauko da fallen, ya kai tsakar gida, ya yi masa abin da yake yi wa kowane aiki kafin mai saye ya zo. Toka, lemun tsami, tsumma. Ya zauna ya yi ta dirza, baƙin ruwa yana gangarewa yana bin rariya. Iya Sikiru tana gefe tana ɓare gyaɗa.

"Da haka ka riƙa wanke mata kwanuka tana raye, da ta ƙara shekara goma."

Ya ci gaba da dirza. Sai da ƙarfen ya koma kamar sabon faranti sannan ya jingina shi da bango ya ce ta ɗauka.

Ta ɗauka. Fari fat, kamar an ɗauki hoton rana.

"Fitilar wayar ce," in ji shi. "Kashe ta."

Ta laluba ta kashe, ta sake. Wannan karon mace ta fito, da ɗaurin kai da komai, riƙe da waya.

"Ga ni nan kuwa," in ji Iya Sikiru. "Na yi kyau ma. In tura wa Ronke?"

Suka kai shi inuwar mangwaro, ganye ya fito. Suka shigar da shi ɗaki suka tura ƙofa rabi, don hasken ya zo ta gefe, aka samu wasu tudu da kwari kamar bayan kada, amma ba fuskar kowa ba. Ya ce ta matsa baya, ta matsa. Ya ce ta durƙusa, ta ce gwiwar ba ta haya ba ce, amma ta durƙusa. Ya karɓi wayar da kansa, shi da bai san inda ake dannawa ba, ya ɗauko babban yatsansa har sau biyu.

Can dai ya ce, "Na farkon nan fa? Ba ya dawowa?"

"Ka tsaya a kaina har na share shi daga can ƙurya ma. Ina zai dawo?"

Ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa kuɗin mota. Ya kalli rariya. Ruwan ya riga ya bushe, sai ɗan baƙin layi a siminti, kaza tana tsattsaga a kai.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ronke ce. Ya miƙa wa ƙanwarsa, ya ɗauki fallen ya shiga madafi, ya mayar da shi kan ƙusarsa. Tun rasuwar ba a hura wuta a nan ba. Ya tattaro itacen da Asake ta bari, ɗanye da busasshe, ya tura a murhu, ya yi ta fama da ashana, ga shi bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba. Da ƙyar hayaƙi ya tashi, ya fara lasar ƙarfen.

Iya Sikiru ta leƙo, ta toshe wayar da tafin hannu, tana tari.

"Yaya, tana tambaya. Me zan ce mata?"

"Ki ce ta jira."

"Ta jira har yaushe? Hayaƙin matar nan na rabin rayuwa ne fa."

Ya jawo kujerar tsugunon Asake ya zauna. Idonsa yana ruwa, amma ɗanyen itace ne.

"Akwai itace," ya ce.