Farantin da Orest Ya Ajiye a Bakin Ƙofa

Ni dai tun farko ban so tafiyar ba. 'Ya'yanmu ne suka haɗa baki suka saya mana tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, wai mu je mu sha rana a tekun Karibiyan, mu huta da sanyin garinmu Winnipeg na ƙasar Kanada. Na ce musu rana ai ba baƙuwata ba ce, duk shekara tana zuwa har gida ta same ni. Babbarsu Nadia ta ce, "Mama, ba don ke ba ne, don Baba ne." Sai na amince, domin gaskiya ta faɗa.

Tun da mijina Orest ya yi ritaya daga tuƙin bas na cikin gari bakinsa ya mutu. Da ma can ba mai surutu ba ne, amma bayan ritaya sai kujerar bakin taga ta zama ofishinsa. In na tambaye shi abu ya ce uhm, in na yi masa faɗa ma uhm ɗin ce. Na kai shi asibiti, likita ya ce lafiyarsa lau, har ya fi ni. Abin yana cin raina, ba na ɓoyewa. Ga mutum a gabanka yana ci yana sha, amma kewarsa kake yi.

To, mun shiga jirgi, kuma dole in yi masa adalci. Ban san akwai irin wannan sangarta a duniya ba. Ka fita shan iska, ka dawo ka tarar an gyara gado, an naɗe tawul an mai da shi giwa, har da idanu. Abinci kuwa ba lokacinsa, duk sanda ka juya akwai shi. In ƙiwa ta hana ka fita, a kawo maka har ɗaki, ka ci ka turo faranti bakin ƙofa, kafin ka sake leƙawa ya ɓace. Kwanakin farko sauri nake yi in gyara gadon kafin mai gyaran ɗaki ya zo, don kada ya ce ni ƙazama ce. Da tafiya ta yi tafiya na saki jiki, har na koyi barin tawul a ƙasa ba tare da zuciyata ta buga ba.

Amma duk wannan ba shi ne abin ba. Da yamma akan zaunar da mu a tebur ɗaya da wasu mata da miji daga jihar Ohio ta Amurka, a kawo miya, a ɗauke, a kawo kifi, a ɗauke, mu dai namu zama. A nan Orest ya buɗe baki. Ya ba da labarin wani fasinja da ya shigo masa bas da talotalo mai rai a cikin rigar sanyi, ya rantse wai cikinsa ne ke ƙugi. Mutumin Ohio ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa cokali na riƙe ina kallon mijina kamar yau aka kawo mini shi. Washegari ya ba da wani, jibi ma haka. Ranar ƙarshe har rawa ya ja ni muka yi, ya tattaka mini ƙafa son ransa, ban ko damu ba.

Muka dawo gida muka tarar da dusar ƙanƙara ta binne motarmu. A firji babu komai sai rabin albasa. Kwana da kwanaki ƙasa tana lilo da ni, in na tsaya wanke-wanke sai na dafa bango. Da safe na kwanta ina jiran a ƙwanƙwasa a kawo kofi, sai can na tuna ni ce mai ƙwanƙwasawar. Duk wannan abin dariya ne, na yi dariyata ni kaɗai. Abin da bai ba ni dariya ba shi ne Orest. Ko akwati ba mu gama kwancewa ba ya koma kujerarsa, uhm ɗinsa ma ta dawo. Tsoro ya kama ni sosai. Da ban ga wancan mutumin na jirgi ba da na haƙura, amma na gan shi, na san yana nan a ciki, kuma ina kallo yana sake nutsewa.

Na ce a raina, in jirgi yake so, jirgi zan zame masa. Na fito da ƙyallen tebur na Kirsimeti. Na shiga yin girki kashi uku kowace yamma: miyar borsh tukuna, sannan perogi, wato curin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa, sannan kayan zaƙi. In ajiye wannan in koma murhu, in ɗauke wancan in kawo na gaba, in leƙa tanda, in goge abin da ya zuba. Nawa abincin a tsaye nake ci a gefen tukunya, kamar yadda uwata ta yi, kamar yadda tata uwar ta yi. A gidanmu mace ba ta zama sai kowa ya ƙoshi. Har tawul na gwada naɗewa. Giwa na nufa, abin ya fito kamar kazar da mota ta taka. Orest ya ɗauka ya goge fuska da ita bai ma lura ba.

Mako ya zagayo, gwiwoyina suka kumbura, shi kuwa mutumin sai ƙara shiru yake yi. Zai zauna ya shimfiɗa ƙyallen goge baki a cinya kamar a jirgi, ya ci, ya ce ya gode, ya tashi. Ran nan da rana raina ya ɓaci, na haɗa masa burodi da nama a faranti na dangwara masa, na shige ɗaki na kwanta.

Da na tashi na zo wanke-wanke, babu faranti. Kuma ba kowane ba, farantin uwata ne mai zanen shuɗin fure, wanda na ɗauko cikin fushi ban duba ba. Na duba ƙarƙashin kujera, na duba cikin firji. Na tambaye shi, ya ce ai ya fitar.

"Ka fitar ina?"

"Bakin ƙofa," in ji shi, yana kallon taga. Sai kuma na ga kunnuwansa sun yi ja.

Na buɗe ƙofa, babu komai sai takalman sanyin maƙwabta. Na dawo na tsaya a kansa.

"Ranka ya daɗe, nan hawa na huɗu ne a Winnipeg. Leƙa tagar taka da kyau, ka ga teku? Wa ka ajiye a waje da zai kwashe maka, ko kyanwar mai gadi?"

Ya ce hannunsa ne ya yi, shi bai ma san ya yi ba. Na ce sabo turken wawa, kuma tunda hannunsa ya iya fitar da faranti, yau sai ya koyi dafa abin zubawa a ciki, don ni na ajiye aiki. Na ɗora butar shayi don kaina kawai, na harɗe hannu.

Ana haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Pilar ce, matar da ƙofarta ke kallon tamu, 'yar asalin Filifin, wadda shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu a bakin lif. Tana riƙe da farantin uwata, an cika shi tim da taliya da kaza da kabeji, tururi na tashi.

"Maƙwabciya, kun dawo daga jirgi ke nan," ta ce tana danne dariya.

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce ƙaninta a irin jiragen nan yake aiki, ya sha ba ta labarin yadda fasinjoji ke komawa gida da lalacewa, amma ba ta taɓa gani da idonta ba sai yau. Ta ga farantin mai kyau ne, ta ji tsoron kada yara su taka, ta ɗauke ta wanke. Na ce to abincin fa? Ta ce a wurinsu ba a mayar wa mutum da kwano fanko, abin kunya ne. Na yi na yi ta shigo, ta ƙi, wai ta bar tukunya a wuta. Ta leƙa ta kafaɗata ta ce wa Orest, "Yallaɓai, gobe in za ka fitar, ka haɗo da babban kwano."

Na rufe ƙofa na tsaya da faranti a hannu. Babu abin juyawa a murhu, babu abin leƙawa a tanda. Na ajiye shi a tsakiyar tebur, na jefa cokula biyu, na ja kujerar da ke fuskantarsa na zauna, don dai ya ga fushin da kyau.

Muka fara ci. Taliyar ta yi daɗi, har na ji haushin yadda ta fi tawa. Can sai Orest ya yi gyaran murya ya ce wannan kabejin ya tuna masa da wata tsohuwa da ke hawa motarsa kowace Asabar da buhun kabeji, ta zaunar da buhun a kujera ita ta tsaya, wai shi ya fi ta gajiya. Ya fara kwaikwayon muryarta. Ban so yin dariya ba, ta ƙwace mini. Ya shiga labarin ranar da buhun ya yage a kan gangara, kawunan kabeji suka gangaro har ƙarƙashin birki, fasinjoji suna cafkewa.

Daidai nan buta ta fara ihu. Jikina ya tashi da kansa, har na juya, sai na ji ya riƙe mini hannu.

"Bar ta ta yi ta ihu. Ban gama ba."

"Ruwan zai ƙone."

"Ya ƙone, Lorraine." Bai sake ni ba. "Na ƙare ƙuruciyata a bakin sitiyari, duk mutanen garin nan suna bayana. In dawo gida kuma ƙeyarki nake gani, daga murhu zuwa famfo. Da wa zan yi hirar?"

Na ce ai na ɗauka mutanen Ohio ne suka buɗe masa baki, ko iskar teku, ko kifin.

"Ko sunansu ban riƙe ba," ya ce. "Ke ce kika zauna."

Idona ya cika, na ɗora laifin a kan barkonon Pilar. Na miƙa hannu ɗaya daga inda nake na kashe murhun, ɗayan yana cikin nasa, sannan na gyara zama sosai, na jingina da bayan kujera.

"To, ina jin ka, tsoho," na ce. "Kabejin ya shiga ƙarƙashin birki. Sai aka yi yaya?"