Fijo A Kan Bulo

"Bai kama ba," in ji maigidana Atiku. Yana tsugune gaban motarsa da sifana a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya sake murza notin, ya yi zagaye biyu ya sulluɓe ya faɗa cikin rairayi.

Ina tsaye a bakin zaure da kofin ruwan da ya ce in kawo masa tun ɗazu. Motar tana ɗore a kan bulo, ƙafa huɗu duk a sama. Fijo 505 ce, irin mai gudun nan da ake ce wa GTI, kuma duk layinmu na Nasarawa ba wanda ke da mota sai shi. Mutumin nan yana iya manta ya ci abinci, amma bai taɓa manta ya goge fitilarta ba.

Maƙwabcinmu Baba Dankure yana zaune a kujerarsa jikin bango, ya rufe ƙafafunsa da suka kumbura da mayafi. Tsohon direban babbar mota ne, ciwo ya sauke shi daga sitiyari. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Malam Atiku, wanga rim ya hi tsohon kauri. Noti mai dogon wuya shi ka kama shi. Mai kayan bai ba ka nashi ba?"

Bai ba shi ba. Wani ɗan kasuwa ne daga Kamba ya zo da rim, ƙarfen nan da taya ke zama a kai, na alminiyam, iri biyu. Atiku ya shigo da su har tsakar gida ya jingina a jikin randa ya ce in zaɓa. Ni da ban san komai a mota ba sai zama, na nuna mai yatsu biyar kamar tauraro, don kawai na ga fuskata a jikinsa. A ranar aka kai wa mai faci ya juye tayoyin. Tsofaffin rim ɗin kuwa, Atiku da hannun kyauta, ya ba Hodi ɗan ƙanen babansa da ya kawo mana albasa, shi kuma ya loda su ya yi fadama, ya sa aka narka su da walda a jikin amalanken shanu. Kafin mu gane noti ba ya kamawa, babu sabo babu tsoho.

Atiku ya ce abin ba wuya. Ya aiki Malami direban Sakkwato ya sayo masa notunan, ya ce gobe-gobe za su zo.

To, da mota ce kawai da sauƙi. Kafin a kwance tayoyin nan Atiku ya riga ya yi wa Baba Dankure alkawari a gaban mutane, bayan sallar Juma'a, cewa shi zai kai shi Argungu da kansa.

Inna Luba matar Baba Dankure ce ta ba ni labarin abin da zai kai shi. Gidansu gidan masunta ne. Lokacin da mahaifinsu ke jinyar ajali aka aika masa, ya ce sai ya sauke kaya a Jega, kafin ya iso an rufe tsoho. Wansa Sahabi ya faɗa masa magana mai zafi a wurin zaman makoki, shi kuma da ƙuruciya da taurin kai ya ɗaga hannu ya mare shi a gaban jama'a. Ya hau motarsa ya tafi. Shekara da shekaru yana ratsa Argungu da kaya, bai taɓa karya kan mota ya shiga unguwarsu ba. Yanzu da ya ji jikinsa, abu ɗaya yake so: ya durƙusa a gaban Sahabi ya ce ya yafe masa. Ya aika cewa yana nan tafe, amma ya hana a ambaci ciwo, don ba ya son a yafe masa saboda tausayi. Kuma shi ne mai laifi, shi ne ƙarami, shi ya kamata ya taka.

Malami ya dawo hannu rabbana, wai babu irinsu a Sakkwato, sai an sa wani ya duba Kano. Aka sake cewa jibi.

Da yamma Inna Luba ta shigo ina tankaɗe. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, ta tambayi yara, ta yaba tsakin, sannan ta ce a hankali ko dai su nemi shatar mota a tasha, tunda jikin mijinta kullum ƙara nauyi yake. Wallahi har yau ina jin muryata a lokacin, da fara'a da komai.

"Haba Inna! Ga mota ƙohwar gida ku tai tasha? So kuke a yi muna dariya cikin Nasarawa? Kwana nawa ne, ku ɗan yi haƙuri."

Ta ce haka ne, Allah shi huci zuciyata. Ta tashi ta fita.

Ni a ganina karamci na yi. Maƙwabcinka ya ce zai kai ka, ka je ka ɗauko motar haya, ai ka ce wa duniya bai isa ba ke nan. Su ma sun san haka, shi ya sa daga ranar ba su ƙara tayar da zancen ba. Kara suka yi mana, mu kuma muka miƙe ƙafa a kan karar. Akwai masu irin motar a ofishin su Atiku da za su iya ara masa ƙafafu na yini ɗaya, amma ya ƙi tambaya, don kada a ji ya sayi abin da bai san kansa ba. Ni ma ban matsa masa ba. Kullum da safe in zan tafi makaranta sai in wuce Baba Dankure a kujerarsa yana kallon rim ɗin nan huɗu da aka jera a zaure, yana ce mini ranar da Sahabi ya gan shi ya fito daga wannan mota zai san ƙanensa bai lalace a Birnin Kabi ba.

Sai aka wayi gari kujerar babu kowa.

Na dama kunun tsamiya na kai masa bayan la'asar. Ɗakin yana warin man zafi. Yana kwance a kan tabarma an tokare bayansa da matashi, numfashinsa na fita da ƙyar kamar mai hawan tudu da kaya. Da na gan shi gabana ya faɗi. Na ajiye kwanon na ce, Baba, gobe da sassafe ni da kaina zan je tasha in ɗauko mota, ko Atiku ya so ko bai so ba.

Inna Luba ta girgiza kai. Ta ce ko zuwa bayan gida sai mutum biyu sun ɗaga shi, kuma da an zaunar da shi numfashi ke ɗaukewa. Ramukan hanyar nan ba zai kai ko rabi ba.

Na fashe da kuka, na ce ya yafe mini, ni na hana. Ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Ɗiyata, bar kuka. Ni nag ga dama nij jira. In ban kai ba, ki hwaɗa ma Sahabi na taso, mota ce tat tsaya."

Na ce zan faɗa. Ban iya haɗa ido da Inna Luba ba har na fito.

Notunan sun iso da hantsi, a ƙulle cikin tsumma mai maiƙo. Malami yana miƙa wa Atiku, muka ji salati daga gidan Baba Dankure. Ban taɓa ganin fuskar mijina haka ba. Ya shiga gidan ya fito, ya ɗauko jak ɗin ɗaga mota. Mutane na taruwa ana shimfiɗa tabarmi, shi yana durƙushe cikin farar rigarsa yana ɗaura ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Kowane noti ya shige ya zauna daram, ko gardama babu. Daga cikin gida muna jin ƙarar sifana tare da kukan mata, har wata tsohuwa ta ce wane marar imani ne ke gyaran mota a ƙofar gidan mutuwa. Na sunkuyar da kai.

Atiku ya tayar da motar ya yi Argungu don ya ɗauko Sahabi. Dattawa suka ce za a jira zuwa azahar. Aka yi azahar, aka ɗan ƙara, zafi ya yi yawa, liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Aka kai shi.

Sai bayan la'asar motar ta shigo layi. Ashe tun ranar da saƙo ya je Sahabi ya ajiye komarsa ta kamun kifi, yana wuni a ƙofar gida da wankakkiyar riga yana duban hanya. Ranar ce kawai ya gaji ya koma ruwa, sai da Atiku ya bi gaɓar gulbin Rima cikin laka yana tambayar masunta kafin a samo shi.

Dogon tsoho ne, kamarsu ɗaya da mamacin har tsagar fuska. Ya shigo yi wa Inna Luba gaisuwa riƙe da wani ƙunshi a tsohuwar takardar siminti, ƙamshin bandar kifi na tashi daga ciki. Na matsa na durƙusa na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

"Giwan ruwa shi ka so tun yana yaro," ya ce yana duban ƙunshin. "Na banda mishi. Da an ce min ciwo ne, ko da ƙahwa sai in taho."

Inna Luba ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kanta. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da zan koma gida na sami Sahabi a waje. Bai zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba. Bulo huɗun nan suna nan inda Atiku ya ture su, ya zauna a kan ɗaya da ƙunshin kifin a cinyarsa. Lakar gulbi ta bushe a jikin sababbin rim ɗin, ta cike tsakanin yatsun. Ya miƙa hannu da gefen rigarsa yana goge na kusa da shi a hankali.