Kwandon Inna da Injin Girbi

"Miƙo min sifanar can, mai lamba sha bakwai."

"Sai ka amsa min tukuna, Injiniya. Ka ga kwandon Inna yau?"

Mijina ya turo kai daga ƙarƙashin injin girbin masara, baƙin mai har kan girarsa. Wata huɗu ke nan yana kwana yana tashi da injin nan. Da can masara kawai injin yake cirewa, ya watsar da kara da totuwa a bayansa. Mijin nawa ne ya sauke wuƙaƙen ƙasa-ƙasa, ya yi waldar wata manjagara a ciki, ya ƙara fanka mai zuƙe ɓawo, don masana'antar da ke mayar da karan masara gawayi ta ce ko tsinke tana so. Gobe wakilinsu zai zo ganin gwaji.

"Me ya sami kwandon?" ya ce.

"Ba abin da ya same shi. Yadda ya fita haka ya dawo."

Tun rasuwar mahaifinsa, Inna, mahaifiyarsa, ba ta fita ko'ina sai kala. Injin na wucewa, ita da ƙawayenta uku za su bi sahu suna tsintar totuwar hura wuta, suna tsokanar juna a kan wadda bayanta ya fi ƙagewa. Ranar kaɗai nake jin dariyarta tun daga bakin ƙofa. Yau da safe ya gwada injin a gonarmu, suka bi shi, suka tarar da ƙasa fes kamar tafin hannu.

"Ai na saya mata murhun gas," ya ce a hankali.

"Murhun gas yana hira?"

Ya goge hannu a wando, muka shiga gida. Inna na tsaye tana kife kwandon a kan ƙusar bango, can sama, inda ake rataye abin da aka gama da shi. Da ta gan shi sai ta washe baki.

"Ɗan albarka! Injin nan naka ya fi ni iya shara. Da ubanka na nan, da ya yi ta baza riga."

"Inna, ba ku samu komai ba?"

"Mun samu hutu mana. Tsofaffi me za su yi da rana?"

Ta faɗa tana murmushi, amma hannunta bai bar bakin kwandon ba. Na dubi mijina. Na san wannan shirun nasa, irinsa ya yi ranar da ya fara cewa yana sona, sai da na ƙarasa masa maganar.

"In ka rage abin da injin ke kwashewa, wakilin zai iya fasawa," na tuna masa, don kada ya ce ni na tura shi.

Ya miƙa hannu ya sauko da kwandon, ya kaɗe shi, ya ɗora wa Inna a hannu.

"Ya fasa in ya ga dama. Zan sa wa manjagarar mariƙin ɗagewa kafin ya iso. Layi huɗu na ƙarshe a kowace gona ba na masana'anta ba ne. Inna, ki gaya wa ƙawayenki, gobe akwai kala."