Talabijin Ɗin Ɗakin Jira

Auta ba ta cika wata biyu da fara koyon rubuta manhaja ba, amma ka san ɗan koyo da rawar kai. A asibitin haƙori na kawunta take aikin karɓar marasa lafiya, sai ta haɗa wata 'yar manhaja mai tura shafi zuwa talabijin ɗin ɗakin jira, kowa ya ga layinsa. Kawu ya yi ta nuna wa mutane, bakinsa har kunne.

Ran nan ta shige ɗakin baya don ta sauya gaisuwar da ke saman shafin. Ta gyara, ta adana, ta sabunta shafin a kwamfutarta. Tsohuwar gaisuwa na nan daram. Ta kashe manhajar ta kunna, ta bi layukan rubutun manhajar ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga kuskure ba. Ta rubuta "gwaji", shiru. Ta rubuta "wayyo ni", shiru.

Haushi ya turnuƙe ta. Tunda dai babu abin da ke fita, sai ta zuba abin da ya tsaya mata a rai tun safe, lokacin da ta ga madubin duba baki ya suɓuce wa Kawu: "Hannun likita ya fara rawa, yana ɓoyewa." Ta adana. A kwamfutarta shafin ko gezau.

Can dabara ta faɗo mata, ta buɗe shafin a wayarta. Ga maganar ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe! Ashe manhajar lafiyarta ƙalau, kwamfutar ce ta adana tsohon hoton shafin tana ta maimaita mata shi. Talabijin kuwa duk abin da aka tura masa nunawa yake.

Da gudu ta fito, takalmi ɗaya a ƙafa. Kujeru sun kusa zama wayam. Wata mata na jan ɗanta zuwa ƙofa tana cewa, "Taho mu tafi, gara ciwon."

Kawu na tsaye gaban talabijin, ya cusa hannayensa a aljihun farar rigarsa.

"Kawu, wallahi gwaji nake yi, ban san..."

Bai juyo ba. Cikin sanyin murya ya ce, "Auta, kira waɗanda suka rage na yau, ki ce kada su zo." Sannan ya ƙara da cewa, "Da na gobe."