Allon Ƙofar Barga

Ranar Laraba ce, cikin Agusta, rana ta take kamar za a gasa mutum, dokin maigidana Mista Purvis ya firgita da ƙarar babbar mota ya kayar da Loretta, wadda ta zo hawa bargarmu. Ni na riƙe mata kai har motar asibiti ta zo. Tun daga nan ƙafafunta ba su sake motsi ba.

A jiharmu ta Jojiya da ke Amurka, in mai dawaki ya kafa allon gargaɗi a ƙofa, doka ta kare shi daga ƙarar wanda doki ya ji wa rauni. Ba allo, ba kariya. Namu kuwa iska ta cire shi tun Afrilu, yana yashe bayan rumfar ciyawa.

Washegari Purvis ya miƙo min guduma.

"Wendell, mayar da shi. Da tsoffin ƙusoshi, ka ji ko?"

"Yallaɓai, ai jiya babu shi."

"Kai da ka kasa gama sakandare ne za ka koya min kwanan wata? Wa ya ba ka ɗaki lokacin da uwarka ta kore ka?"

Na kafa.

Loretta ta kai ƙarar Purvis. Bayan wata biyar aka kira ni ba da shaida a ofishin lauyarta, Misis Tillman. Na rantse zan faɗi gaskiya. Purvis yana gefe yana juya hularsa. Loretta tana kan keken guragu. A da ita ce take ƙara min soyayyen ƙwai a gidan abincin da take aiki, tana ce min ɗan rama.

Lauyar ta tura min hoto. "Ranar da abin ya faru, allon nan yana ƙofa?"

Na nemi ruwa. Na sha.

Lauyar ta ce min, "Ba ma sauri, Mista Hobbs."

Purvis ya yi tari.

Na ce, "Ba ya nan. Ni na kafa shi ranar Alhamis."

Purvis ya miƙe, lauyansa ya ja shi ya zaunar. Loretta ko kallona ba ta yi ba.

Daga baya alƙali ya ce za a saurari ƙarar. Ni kuwa a ranar da na ba da shaidar, kafin na isa gonar Purvis, kayana suna bakin titi cikin buhunan dusa. Na rasa aiki, na rasa ɗaki, da shekara shida a wajen mutumin da ya koya min hawa. Purvis ya sayar da dawaki tara saboda ƙarar. Loretta har yau a zaune take.