Duron Tamba

"Ɗauke hannunka ga duron nan, Maigandi," in ji Tamba daga kan tabarma. "Kai da ba ka mutuwa, mi za ka yi da ruwan gawa?"

Na ɗauke, don gaskiya ya faɗa. Amai da gudawa ya sha shiga unguwarmu Badariya a gabana ya kwashi samari, ni ko ciwon kai ban yi ba. Ban san ko bihim ba a boko, amma na raka masu takardu da yawa makwanci.

Tamba maƙwabcina ne, tsohon masunci daga Argungu. A gulbi ya ƙare ƙuruciyarsa, sai da ƙafafu suka kumbura ya dawo Birnin Kebbi. Famfon gidansa, kamar na kowa a layinmu, sai ya yi makonni ba ko ɗigo. Ran da ya kawo kuma, ruwan da warin kwata yake zuwa, don bututun ya fashe cikin lambatu. Takardar kuɗin ruwa ce kaɗai ba ta makara.

Tun ran da ya ji liman ya ce ruwan da ƙazanta ta canza wa wari ba ya tsarki, hankalin Tamba ya tashi. Ya tari ruwan saman ƙarshen damina a duro, ya rufe da buhu, ya ɗaure da tsohuwar igiyar kwalekwalensa.

"Da wanga za a yi min wanka," ya ce wa matarsa Nana. "Ban zuwa gaban Ubangiji da warin kwata."

Ana tsakiyar bazara 'yarsu Humaira ta zo gida wankan jego, haihuwar fari. Mai jego kuwa ruwa take ci kamar gonar albasa. Wutar lantarki ta ɗauke, burtsatsen unguwa ya tsaya, 'yan garuwa suka daina shigowa layin. Wata safiya Nana ta tsaya bakin rumfa da ƙwarya a hannu.

"Malam, yarinyar ga jikinta ya ɗau zafi. Na famfo na tara, kai ma ka ji warinai. In zuba mata shi ga ɗanyen jiki?"

Tamba ya ɗaga kai. Ya dubi duron, ya saurari kukan jaririn a ɗaki. Can ya juya fuska bango.

"Kwance igiyar. Amma na yau kaɗai."

Gobe ma aka ɗiba, jibi ma. Bai sake hanawa ba. Yana kwance yana jin ƙarar ƙwarya cikin duro, mutumin da ya san zurfin gulbi da kunne, ya san inda ruwansa ya kai ba sai ya leƙa ba.

"Daure har damina mana," na ce masa. "Ni nan yunwa ta gwada ni ta bari, kai ɗan kumburi za ya kai ka ƙasa?"

"Kai taurin rai gare ka awa ƙadangare," ya ce, yana dariya da ƙyar. "Ni kifi na. An zare min ruwa."

Tamba ya cika da hantsi, ranar wata Talata, sama fes ba alamar hadari. Na kwance buhun da hannuna. Tsatsa ce a gindin duron, da ɗan jan ruwan da bai isa buta ba. Aka buɗe famfo, ya yi tari ya tofo baƙin ruwa, liman ya shinshina ya girgiza kai.

Muna tsaye sai ga Uju mai shagon bakin layi, da jakunkunan fiya wata a ka.

"Baba Maigandi, ku yi da wannan. Rana tana yi."

Haƙorana duk suna nan, ko ɗaya bai faɗi ba. Ni na zauna ina yage ledojin ruwan da haƙori ɗaya bayan ɗaya ina matsewa a bokiti, har ya kai rabi. Da shi muka wanke mutumin gulbi, muna tattalin kowane ludayi.

Da muka dawo daga maƙabarta, Humaira tana zaune jikin duron da jaririn a cinya, ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen mai zafi. Ledojin suna warwatse a tsakar gida. Famfo yana ta hura iska cikin busasshen bokiti.